GUNKIN AMURKA YA TSUFA, MASASSAƘA SUN KOMA WANI



Su da bakinsu suka raɗa masa suna, ba wani malami ne ya laƙaba masa ba. American Idol, wato Gunkin Amurka. Gasar waƙa ce da tashar talabijin ta Fox ta fara nunawa a shekarar 2002, bayan wani ɗan kasuwar Ingila mai suna Simon Fuller ya gwada irinta a ƙasarsu ya ga akwai maiƙo. Tsarin ba wuya. A tara dubban samari da 'yan mata, a jera su gaban alƙalai uku, kowa ya rera, a riƙa zubar da su mako-mako, har ya rage saura ɗaya. Wannan ɗayan shi ne gunkin shekara. Mutane kuwa suna gida suna kaɗa masa ƙuri'a ta waya.

Alal haƙiƙa abin ya yi tashe irin wanda ba a saba gani ba. Daren ƙarshe na gasar 2003 mutane kusan miliyan 38 ne suka zauna gaban akwatin talabijin. A 2006 kowane zama sai an samu 'yan kallo wajen miliyan 30, kuma a daren rufewa na wannan shekara an kaɗa ƙuri'a sama da miliyan 63. Shekara takwas a jere babu shirin da ya sha gabansa a duk faɗin Amurka. A waɗannan shekarun ne sojojin ƙasar suke ruwan wuta a kan Bagadaza da Falluja, amma hankalin talakan Amurka yana kan wa za a kora ranar Laraba. Subhanallah!

To sai ga shi dare ya yi wa gunki. Simon Cowell, alƙalin da aka fi sani da baƙar magana, ya tattara ya bar shirin a 2010. A 2011 tashar NBC ta fito da kishiya mai suna The Voice. Aka shiga canza alƙalai kamar riga, ana zuba wa manyan mawaƙa miliyoyin daloli don su zo su zauna, amma 'yan kallo sai zarewa suke yi. Kamfanin Coca-Cola, wanda jajayen kofunansa suka shekara goma sha uku a kan teburin alƙalai, ya janye a ƙarshen 2014. Daren ƙarshe na 2015 bai tara ko miliyan 10 ba. A watan Mayun wannan shekara Fox ta ce ta gaji, a Afrilun 2016 aka rufe, kuma a cikin watan nan kamfanin da ya mallaki shirin ya kai kansa kotu yana cewa bashi ya ci shi. Tashar ABC ta tono gawar a 2018 ta sake yi mata kwalliya, amma bai sake ganin ko rabin jama'arsa ta da ba.

Malaman tarihi sun kawo labarin Banu Hanifa a zamanin jahiliyya, waɗanda suka ƙera abin bautarsu da dabino da man shanu, da yunwa ta zo suka cinye shi. Jahiliyyar yau ta fi ta da wayo, domin ita tun ranar sassaƙa gunkin ta san ranar da za ta ci shi. Duk yaron da ya kai matakin ƙarshe sai ya sa hannu a takardun kamfanin da Simon Fuller ya kafa, wanda zai juya shi da muryarsa yadda ya so. Gaskiya ne 'yan kaɗan irin su Kelly Clarkson da Carrie Underwood sun yi suna sun yi kuɗi, kuma su ake ɗagawa a nuna wa sauran. Amma Taylor Hicks, wanda aka kaɗa wa waccan ƙuri'a mai yawa a 2006, kafin shekara biyu kamfanin faifan da ya ɗauke shi ya sallame shi. Wa yake tambayarsa yau? Banda wannan ga dubban da aka ɗauko da gangan don ba su iya ba, a nuna su duniya ta yi musu dariya. Mutuncin ɗan Adam da Allah Ya karrama, shi aka mayar abin cike gurbi tsakanin tallan lemo da tallan mota.

Kuma wa ya ci riba a ƙuri'ar? Kamfanin waya na AT&T, wanda ya ɗauki nauyin shirin, ya koya wa Amurkawa aika saƙon tes ta wannan ƙofa. Ba mamaki da aka kawo abin Najeriya a 2010 da sunan Nigerian Idol, kamfanin waya na Etisalat ne ya tsaya masa, kamar yadda MTN ya tsaya wa Project Fame. Larabawa ma ba a bar su ba, tashar MBC ta buɗe musu Arab Idol a 2011.

Akwai 'yan'uwa matasa da za su ji wannan labari su yi kabbara, su ce ƙarya ta ƙare. A yi hattara. Waɗannan miliyoyin da suka kashe talabijin ba masallaci suka nufa ba, ba kuma tuba suka yi ba. Wayar hannu suka koma. Da can sai mutum ya jira mako guda kafin ya ga gunkinsa, kuma a tsakar gida, inda uba zai iya shigowa ya kashe akwatin. Yanzu YouTube da TikTok sun kai gasar cikin aljihu, ba alƙali, ba ranar rufewa, kowa ɗan takara ne kowa mai ƙuri'a. Masu jarin ba su yi hasara ba, rumfa suka canza, kuma sabuwar rumfar ta fi kusa da ɗan'uwa fiye da yadda Fox ta taɓa zama.

Nan ne maganar ta shafi matashin da ke riƙe da wannan jarida. Ya yiwu bai taɓa kallon American Idol ko sau ɗaya ba, amma cutar da ta gina shi, wato son a gan ka a tafa maka, ba ta neman biza. Tana shiga har cikin aikin addini. Ana ganin mai waƙen yabon Manzon Allah (S) da ya fara don Allah, yau ya koma ƙirga mutum nawa suka danna masa. Ana ganin ɗalibin da bai gama Ahalari ba ya kafa waya yana fatawa, don wanda ya fi zafin baki shi ya fi tara mabiya, daidai yadda baƙar maganar Cowell ta tara wa Fox jama'a. Malamai sun daɗe da kiran riya ƙaramin shirka, kuma ba su ce sai a kan dandamalin waƙa take ba.

Akwai wurin karatu da aka sani a wata unguwa, inda da ake cika tsakanin Magariba da Isha'i har wasu su zauna a waje. Yanzu tabarma biyu ta isa, kuma daga cikin waɗanda suka zo, rabi littafi na kan cinya, waya na ƙarƙashin littafin.