Jirgi Maras Matuƙi Ba Ya Tashi Sai An Kira Shi

A cikin watan Oktoba na 2016 ne kamfanin Zipline na Amurka ya fara kai jini asibitocin ƙasar Ruwanda da ƙananan jiragen sama marasa matuƙa. Ghana ta bi sahu a 2019, sa'an nan a 2022 aka buɗe tashar irin waɗannan jirage a Pambegua ta Jihar Kaduna. Jirgin yakan ɗauki kayan da ba su kai kilo 2 ba, ya yi tafiyar kilomita kamar 80, ya saki ƙunshin da 'yar laima a harabar asibiti, ya juyo gida ba tare da ya sauka ba. Ga matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, a ƙauyen da damina ta yanke hanyarsa, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Amma fa akwai abin da masu jawabi wajen bukukuwan buɗe tashoshi ba su cika ambata ba. Jirgin ba ya tashi sai an kira shi, kira kuwa da wayar hannu ake yinsa. Malamin asibiti ne zai aika saƙo cewa ga abin da yake bukata. In har sai ya hau tudu ko bishiya kafin ya sami sabis, kamar yadda ake yi a ƙauyuka da yawa, to, mintocin da jirgin ya zo cetowa sun riga sun salwanta tun a ƙasa.

Shi kansa jirgin, ko da yake da taurarin ɗan'adam yake gane hanya, yana bukatar sadarwa domin waɗanda ke tasha su san inda yake, su kuma juyo da shi in hadari ya taso ko wani jirgi ya gitta. A nan akwai wata matsala. Turakun kamfanonin waya an kafa su ne saboda mutanen da ke tafiya a ƙasa, shi ya sa aka sunkuyar da eriyoyinsu. Abin da ke shawagi a sama yakan hango turaka da yawa a lokaci guda, siginarsu ta riƙa cin karo da juna, in ya shiga daji kuma ya rasa ko ɗaya. Gwanjon 5G da aka yi a Disamban 2021 bai warware wannan ba, domin birane kamfanoni suka fara nufa, inda ciniki yake.

Har ila yau, ba a manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara, daga baya aka rufe a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ko an yarda da hujjar hukuma ko ba a yarda ba, asibitocin waɗannan wurare sun zauna makonni ba su iya kiran kowa. A lokacin ba a buɗe tashar Pambegua ba tukuna. Da an buɗe, da jiragen sun zauna a rumfa alhali ana nemansu ruwa a jallo.

Bisa ga haka, lalle ne duk jihar da ke shirin sa hannu a irin wannan yarjejeniya ta fara aika ma'aikata su auna ƙarfin sabis a kowane asibiti da kan hanyar da jirgi zai bi, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman a ƙarƙashin Hukumar NCC domin kai waya yankunan da kamfanoni ba su ga riba ba. Ya kamata asibitocin karkara su zama na farko a jerin masu cin moriyarsa. Inda turke ba zai kafu ba, sai a sa na'urar intanet ta tauraron ɗan'adam da farantin hasken rana. Kuma tun yanzu NCC da Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama da jami'an tsaro su zauna su rubuta yadda za a bar wa asibitoci layi ko da an sake rufe na sauran jama'a.