Ruwan da ake zubarwa a gulbi, wa ke auna shi? 🧵

1/ Jama'ar Mafara, Bakura da Maradun, ku ɗan ba ni minti biyar. Jiya muna hira da kawuna a gonarsa ta shinkafa, ya ɗebi ruwan kanal ya wanke fuska ya ce min, "Ɗana, dubi yadda ya yi garau." Tun daga nan abin ke min yawo a kai. Akwai gubar da ruwa zai ɗauka kuma ya yi garau ɗin.

2/ Sunanta arsenik. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Tafasa ruwa ba ya fitar da ita, sai ma ya ƙara mata yawa, don ruwan ne ke tashi ya bar ta a tukunya. Sau da yawa a cikin duwatsun da ke ɗauke da zinare ake samun ta.

3/ To ina ruwanmu? Dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato yake. Da shi muke noman rani, a nan masunta ke kamun kifi, a nan dabbobi ke sha. Kuma kowa ya san ana haƙar zinare a yankinmu.

4/ Idan rami ya yi zurfi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ke cika shi. Sai a kawo injin a janye a watsar waje. Haka ruwan wankin dutsen da aka niƙa. Duk kwari yake bi, kwari kuwa gulbi yake nufa.

5/ Mu 'yan Zamfara ba sai an ba mu labarin guba ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Ba a gane ba sai da ƙananan kaburbura suka yi yawa. Allah Ya jiƙansu.

6/ Arsenik ta fi dalma iya ɓuya. Sai mutum ya yi shekaru yana sha kafin fata ta fara tabo, tafin hannu da na ƙafa su yi kaushi. Daga baya tana iya kawo sankarar fata, ta huhu ko ta mafitsara.

7/ Bangaladash ta ga wannan. An haƙa musu miliyoyin rijiyoyin burtsatse don a raba su da ruwan da ke sa gudawa, ba a auna arsenik ba. Sai a 1993 aka gano, bayan mutane sun daɗe suna sha. Niyya mai kyau ce, gwaji ne ba a yi ba.

8/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan sha kada ya wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ma haka ya ce. A tankin lita 1,000, nauyin da aka yarda da shi bai kai ƙwayar shinkafa ɗaya ba.

9/ Ga matsayata: iyaka a kan ruwan famfo kaɗai ba ta isa ba. Mutumin ƙauye ba famfo yake jira ba, gulbi yake zuwa. Dole a sa iyaka a bakin bututun da ke zubar da ruwa, kafin ya taɓa gulbi.

10/ Wani zai ce ai kamfani na tace ruwansa. Madalla. An tace zuwa nawa? Kuma laka da tacewar ta bari, wadda gubar ta taru a ciki, ina aka kai ta? In a bakin kwari aka jibge, damina ɗaya ta mayar da ita gulbi.

11/ Wani kuma zai ce gulbi babba ne, zai sirka. Da damina, wataƙila. Ku je ku duba shi a watan Afrilu. Ga shi shinkafa, saboda tana tsaye cikin ruwa, ta fi yawancin hatsi zuƙar arsenik.

12/ Dokar ma akwai. NESREA tana da ƙa'idojin kula da ingancin ruwan doron ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa tun 2011. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024. Yanzu ne lokacin magana, kafin manyan injuna su cika daji.

13/ Abu uku nake nema. Duk mai lasisi a rubuta masa adadin da ruwansa ba zai wuce ba. A riƙa auna ruwan dam da na kanal, rani da damina. A liƙa sakamakon da Hausa a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta a rediyo.

14/ Na san 'yan'uwanmu da yawa da haƙar nan suke ci, ban ce a kore su ba. A ware musu wurin wanki nesa da gulbi, da tafkin da ruwan zai kwanta a ciki. 'Ya'yansu ma wannan ruwan suke sha.

15/ In kana da kansila ko ɗan majalisa a nan, yi masa tagin ka tambaye shi: yaushe aka auna ruwan Bakolori, kuma ina takardar? Ni dai na yi wa kawu alkawarin kawo masa amsa.