Bakanike, mayar da ma'aunin iska mazauninsa

Akwai wata ɓarna da ake yi wa motoci masu turbo a garejojin ƙasar Maraɗi, kuma masu yin ta ba a ɓoye suke yi ba, har kuɗin aiki suke karɓa a kai. Mota za ta zo da tiyon iska a yage, ko akwatin filta a fashe, ko an ɗora mata wani inji da bai zo da kayansa ba. Bakanike ya dubi ɗan bututun robar nan mai waya da ke zaune tsakanin filtar iska da turbo, wanda 'yan gareji ke kira debimetir, ya ga ya tare masa hanya, sai ya kwance shi ya nema masa wuri duk inda hannu ya kai. Wani ya manna shi a bakin turbo. Wani ya ƙetarar da shi bayan turbo, inda iska ke fitowa da zafi. Wani ya juya shi, gaba ta koma baya. Wanda ya fi su ƙarfin hali ya zare wayar ɗungurungum, ya naɗe da salatif, sannan ya bi fitilar da ke ƙorafi a gaban direba ya kashe ta. A tada mota, a taka totur sau biyu tana tsaye, a ce wa mai ita: "Alhaji, ta yi, sai hanya."

Ba ta yi ba. Ganganci ne da dukiyar mutane, kuma wanda ya yi shi bai san aikin abin da ya taɓa ba, bai kuma damu ya sani ba.

In a cikin birnin Maraɗi motar za ta yi ta zirga-zirga, da sauƙi, ko ta tsaya akwai gareji a kowace unguwa. Motar da nake ji wa ita ce mai barin kwalta a Tasawa ko ta fita daga Mayahi ta nufi Alasan Mairairai da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Can hanya rairayi ce, mota kuma ba ta tafiya fanko: buhunan hatsi da wake, awaki, mutane a sama, ranar kasuwa har ba a ganin ƙarfenta. Irin wannan motar ce ake nema da tsakar dare in naƙuda ta yi gardama, a ce sai babbar likita ta Mayahi. A cikin yashi ne inji ke ba da duk ƙarfin da yake da shi, turbo yana hurawa iya hurawarsa, kuma a nan ne ƙaryar da aka ɗaura a gareji take kwancewa. Bakaniken da ya gwada mota tana tsaye a inuwar bedi bai gwada komai ba.

Ba na raina tsofaffin masu sana'a. Mutanen da suka riƙe Fijo 504 da kafiretarta shekara da shekaru a hanyoyin Gulbin Kaba, suka san injin Land Cruiser 1HZ ta kunne kawai, sun cancanci a tsaya a gaishe su. Waɗancan injuna ba su da kwamfuta, hannu da kunne sun isa. Amma tun 1998 kamfanin Fijo ya fito da injin HDi, Volkswagen na da TDI, Toyota ta kawo D-4D, kuma su ne yau suke sauka a ƙasarmu a matsayin na hannu. A cikinsu ba direba ke yanke yawan man da zai shiga inji ba. Direba roƙo yake yi da ƙafarsa, kwamfuta ce ke yanke hukunci, ita kuwa ba ta ganin iska, abin da na'urori suka faɗa mata da shi take aiki.

Ga abin da ke cikin bututun nan, tunda ba a koya wa yaran gareji. Wata siririyar waya ce, ko ɗan falle mai kama da ita, da lantarki ke ɗumamawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, na'urar kuma tana ƙara wuta don zafin ya tsaya inda yake. Yawan wutar da aka ƙara shi ke nuna nauyin iskar da ta wuce. Nauyi ake nema, domin iska ba kullum take ɗaya ba: ta zafin watan Afrilu, in ya kai digiri 45, ta fi ta digiri 20 sauƙi da kusan kashi 8 cikin 100. Injin fetur yana son kilo 14.7 na iska a kan kowane kilo ɗaya na mai. A injin gazuwal kuma, da wannan awo kwamfuta ke sanin iyakar man da za ta zuba ba tare da baƙin hayaƙi ba, da kuma yawan hayaƙin salansa da za ta mayar cikin inji.

Abin da ya sa mazauninsa ba abin wasa ba ne shi ne, na'urar ba duka iskar take taɓawa ba. Ɗan kaɗan take ɗanɗanawa a wuri guda cikin bututu, sauran kwamfuta ta ƙiyasta, bisa lissafin da aka rubuta mata a masana'anta da wannan faɗin bututu, da wannan akwatin filta, da wannan lanƙwasar tiyo. Kowa a kasuwar Mayahi ya san abin da zai faru in aka musanya wa mai awo tiyarsa da wata mafi girma ba a gaya masa ba: zai ci gaba da ƙirga tiya arba'in da zuciya ɗaya, hatsin da ya fita kuwa ya wuce haka nesa. To haka kuke yi, kanikawa. In ka zare na'urar daga bututu mai faɗin milimita 70 ka soka ta a mai 80 don shi ka samu a tarkace, ƙofar iska ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, iska ta rage gudu a kan wayar, kwamfuta ta ɗauka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar bai shigo ba. Sai ta rage mai. Motar gazuwal ta zama raguwa, ta kasa hawa tudun yashi. Ta fetur kuwa ta fi shiga haɗari, don iska mai yawa da mai kaɗan a ƙarƙashin matsin turbo zafi ne da ƙwanƙwasa, ƙarshensa fistan ya huje.

Wanda ya manna ta a bakin turbo shi ma bai tsira ba. Farfelar turbo tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, iskar da ke dab da bakinta murɗawa take yi, in direba ya ɗaga ƙafa kuma wata ta dawo da baya ta sake bi ta kan wayar, a ƙirga ta sau biyu. Haka in aka sa ta nan take bayan gwiwar tiyo, iska ta taru a gefe guda ta bar ɗayan. Na'urar tana son miƙaƙƙiyar hanya a gabanta, shi ya sa wasu ke zuwa da ɗan raga a baki don daidaita iskar. Ragar nan ma akwai masu fasa ta da sukundireba, wai tana shaƙe mota. Kibiyar da aka zana a jikin bututun kuma ba ado ba ce, inda iska za ta bi take nunawa, kuma ko wanda bai yi lakwal ba yana karanta kibiya.

Ƙetarar da ita bayan turbo ya fi duka muni. Iskar da turbo ya matse tana iya wuce digiri 100 kafin ta shiga lagireton da ke sanyaya ta. Tana kuma ɗauke da tururin baƙin mai, domin tiyon numfashin inji yana zubowa ne cikin hanyar iska bayan na'urar, kafin turbo. Da gangan masana'anta ta jera su haka, don kada mai ya taɓa wayar. Kai kuma ka ɗauke ta ka kai ta inda man yake. Mai ya shafe ta, ƙura ta manne a kan man, wayar ta daina jin sanyin iska yadda ya kamata, ta yi ta faɗin abin da bai kai gaskiya ba. Bututun robar ma ba don matsi aka yi shi ba.

Na san za a ce ai ana yi a waje. Ana yi. Masu shirya motocin tsere a Amurka da Japan sukan sa na'urar bayan lagireton iska, wasu su cire ta baki ɗaya su koma lissafi da na'urar auna matsi. Amma sukan zaɓi wadda za ta jure wurin, sannan su zauna su sake rubuta lissafin kwamfuta layi bayan layi, mota tana gudu a kan injin gwaji, ana auna hayaƙinta. Wanda ya kwaikwayi inda suka ɗaura abu ya bar lissafin, rabin aiki ya ɗauko, kuma rabin da ba shi da wahala.

Sai maganar zare waya, wadda ita ce ta fi ruɗin mutane, don tana da kamar nasara. A motocin gazuwal da yawa, in na'urar ta yi datti tana faɗin ƙasa da gaskiya, da ka zare ta sai mota ta farfaɗo. Dalili shi ne kwamfuta ta gane ta rasa mai gaya mata, ta koma wani ƙiyasi na ko-ta-kwana da aka ajiye mata. Wannan gwaji ne mai amfani, yana nuna maka inda ciwon yake. Amma ƙiyasin an yi shi ne don mota ta lallaɓa ta kai gareji, ba don ta shekara tana jigilar kasuwa da shi ba. Hayaƙi zai ƙaru, shan mai zai ƙaru, wasu motocin su ƙi wuce wani gudu. Gazuwal ɗin da matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun 2011 ba kyauta ake rabawa ba, wanda ake saye a kwalba a ƙauye kuma ya fi tsada.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake haɗa tiyon bayan an gama wannan aika-aika: robar tib, waya, wani lokaci leda. Tsakanin na'urar da turbo tsotso ake yi, duk ƙofar da aka bari iska za ta shiga ta nan, ba a auna ta ba, ba a tace ta ba. Injin lita 2 da ke juyi 3,000 a minti yana shan iska kimanin lita 3,000 a kowane minti ko babu turbo, da turbo kuwa ya wuce haka sosai. A lissafa wannan da ƙurar hunturu, da wadda motar gaba ke tayarwa a hanyar Alasan Mairairai. Yashin yana cin bakin farfelar turbo, ya wuce ya ci ringi da silinda. Wata kaɗan mota ta fara shan baƙin mai, a ce injin Turai ba ya jure ƙasarmu. In yoyon bayan turbo yake, akasin haka ne: iskar da aka riga aka auna ta tsere, man da aka zuba dominta ya rasa abin ƙona shi, salansa ta yi ta aman baƙi.

Masu mota, ku ma da naku. Ku ne ke tsaye a kan bakanike kuna cewa a yi dabara, gobe kasuwa. An gaya muku tiyon asali sai an aika Maraɗi, ko Ƙofar Ruwa a Kano, kun ce jira ba zai yiwu ba. Kuna ƙyashin kuɗin filtar iska, kun gwammace a yi ta busa tsohuwa da kwamfuresa har takardar ta huje, a mayar. Garin gyaran gira ake rasa ido: kuɗin tiyo da filta ba su kama ƙafar kuɗin turbo ba, balle na sauke inji. Kuma in kun tashi sayen na'urar, kuna ɗaukar mafi araha da aka zuba a kwali mai sunan Bosch ko Denso, ba ku duba ko lambar jikinta ta dace da ta motarku ba. Biyu na iya shiga rami ɗaya, soket ɗinsu ɗaya, lissafinsu daban.

Uzurin rashin kayan aiki ma ya ƙare. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996, da na Turai masu fetur tun 2001, masu gazuwal tun 2004, duk suna da soket guda kusa da mazaunin direba wanda ake karanta ciwon mota ta cikinsa. Ƙaramar na'urar da ake sokawa a nan ta haɗu da wayar hannu ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. Lamba P0100 zuwa P0104 maganar ma'aunin iska suke yi, P0171 mai ya yi kaɗan, P0172 ya yi yawa. Tana kuma nuna nauyin iskar da ake aunawa mota tana tafiya, ka gani da idonka ko yana hawa daidai da totur ko tsalle yake yi. Maigidan gareji da ke da yara goma a hannunsa, ya iya sayen waya mai tsada amma bai mallaki wannan ba, yaran nan abin da ya iya kawai zai koya musu, su ma su buɗe nasu garejin a Tasawa su ci gaba da yanka tiyo.

In akwatin filta ya fashe, a nemo irinsa ko a tarkacen mota irinta ne. In dole sai an ƙera hanya, a bar na'urar cikin bututunta na asali, bayan filta, nesa da bakin turbo gwargwadon yadda wuri ya bari, kibiya tana kallon inji, tiyon numfashi a bayanta, kowace mahaɗa da maɗaurin ƙarfe. In ta yi datti akwai maganin fesawa da aka yi dominta, a fesa a bari ta bushe, ba a wanke ta da fetur, ba a goge wayar da tsinke. Sannan a loda motar, bakanike ya shiga gaba kusa da direba, a bar kwalta a shiga yashi da ita kafin a karɓi kuɗin aiki.