Keke Ko Kwale-kwale?

Wannan mako wata 'yar makaranta ce ta aiko mini da takarda. Ta ce zaman ɗaki ya ishe ta, tana son wasan da zai fitar da ita shan iska, amma ta rasa na zaɓe: tuƙin ɗan jirgin nan da ake kira kayak, ko kuwa hawan keke. Da yake maganar ta shafi har matan aure, ga amsa a fili.

Shi kayak siririn kwale-kwale ne, galibi mai cin mutum ɗaya, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Asalinsa na Inuwit ne, mutanen ƙasashen ƙanƙara irin su Girinlan, da shi suke farauta a teku. Wasa ne mai kyau, amma ba shi da wuyar kifewa. Wadda ba ta iya iyo ba, ba ta kuma da rigar hana nutsewa, kada ta kusance shi. Ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan tafki. Sa'an nan mu nawa ne ke zaune bakin kogi kamar mutanen Yawuri da Argungu?

Saboda haka keke na zaɓa miki. Ba ya shan mai, mai gyaransa kuwa yana kowace kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau minti 30 sau biyar. Wannan yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari, keke kuwa ba ya wahalar da gwiwa kamar gudu.

Na sani za ki ce, "To, bakin mutane fa?" Matan Ingila ma sun sha shi. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai sarƙa irin na yanzu, mata suka hau, aka yi ta yi musu ba'a, ba su sauka ba. Sai a 1984 aka fara tseren keke na mata a wasannin Olamfik, a 2024 kuwa 'yar Nijeriya, Ese Ukpeseraye, ta yi tsere a Faris.

In kin yi niyya, fara shawartar maigida ko iyayenki, don abin ya zo da daɗin rai. Ki nemi keken mata, marar ƙarfe a tsakiya. Ki sa wando a ƙarƙashin riga, ki tattare mayafi sosai, gama zane ko gyale in ya shiga sarƙa, sai faɗuwa. A sassauto miki da sirdi yadda ƙafafunki za su taɓa ƙasa. Ki koya a tsakar gida ko filin makaranta, da sassafe ko bayan la'asar, ki san birki tun kafin ki san gudu. Ranar da kika hau titi, ki bi hannun dama, ku fita ku biyu ko uku.

Za ki faɗi sau ɗaya ko biyu, yara su yi dariya. Ki karkaɗe ƙura ki sake hawa.

Sai mako mai zuwa.