Tsibiran Chagos: Wa Ya Tambayi Masu Gida?

A ranar 22 ga watan Mayu 2025 gwamnatocin Ingila da Morishus suka sa hannu a kan yarjejeniyar mayar wa Morishus mulkin tsibiran Chagos da ke Tekun Indiya. Bisa sharaɗin da aka yi, Ingila za ta riƙe tsibirin Diego Garcia haya har shekara 99, domin a can ne sansanin sojan Amurka yake, tana biyan kimanin fam miliyan 101 kowace shekara.

Nan da nan 'yan siyasar Ingila suka yi ca. Jam'iyyar 'yan mazan jiya, a ƙarƙashin Kemi Badenoch, ta ɗauki abin a matsayin miƙa wuya da asarar dukiyar jama'a. Abin mamaki shi ne, wannan jam'iyya ce ta buɗe shawarwarin a 2022, lokacin da take kan mulki. Watau kujerar da mutum ke kai ita ce ke zaɓar masa ra'ayi. Gwamnatin Leba kuwa ta kafa hujja da tsaro, cewa yarjejeniyar za ta tabbatar da sansanin bayan da Kotun Duniya ta bayyana a 2019 cewa Ingila ba ta da hurumin riƙe tsibiran. A Morishus ma, da Navin Ramgoolam ya ci zaɓe a 2024, sai da ya sa aka sake duba sharuɗɗan kafin ya amince.

To, a cikin duk wannan cacar baki, ina mutanen Chagos? Turawan mulkin mallaka sun ware tsibiran daga Morishus a 1965, sa'an nan tsakanin 1968 da 1973 suka kwashe mazaunansu ƙarfi da yaji, aka zube su a Morishus da Seshel. Ba a ba su kujera a teburin shawara ba, kuma yarjejeniyar ba ta ba su damar komawa Diego Garcia ba, sai dai sauran tsibiran. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Mayar da ƙasar da aka ƙwace daidai ne, babu ja. Amma ɗan siyasar da ya tsaya kan kuɗin haya da jiragen yaƙi, ya mance da waɗanda aka raba da kaburburan iyayensu, bai taɓo asalin matsalar ba tukuna.