Bengou: rufe murfin kwamfuta ba kashe ta ba ne

A Bengou da sauran garuruwan gundumar Gaya, inda iyakar Nijar ta haɗu da ta Benin da ta Najeriya, kwamfuta da waya sun zama ma'ajiyar sirrin jama'a. Masu aika kuɗi, masu fiton kaya a duwan da ma'aikatan da ke rajistar haihuwa duk suna riƙe da sunaye, lambobin waya da lissafin mutane. Da aka rufe gadar Gaya zuwa Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, fasinja da kaya suka koma tsallaka kogi a jirgin ruwa, na'urori kuma suka riƙa ratsa hannaye da shingaye da yawa. Abin tambaya shi ne, me ke saura cikin na'ura bayan mai ita ya ce ya kashe ta?

Kwamfuta na da ma'aji biyu. Akwai faifan da ke adana takardu dindindin, akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM, inda komai ke zama a buɗe muddin na'ura na kunne. Ko an kulle faifai da kalmar sirri, makullin da ke buɗe shi yana cikin RAM ɗin nan.

An daɗe ana zaton da wuta ta yanke, RAM ta mance komai nan take. A watan Fabrairun 2008, masu bincike na jami'ar Princeton a Amurka suka nuna ba haka abin yake ba: bayanan na dushewa ne sannu a hankali, daga daƙiƙoƙi zuwa mintuna. Da suka sanyaya ƙwaƙwalwar zuwa digiri 50 ƙasa da sifili, kusan duka bayanan sun kai minti 10 ba su ɓace ba, har suka ciro makullan BitLocker na Windows da FileVault na Apple.

Martani ya zo ta hanya biyu. Masu ƙera kwamfuta sun sa ta riƙa share RAM lokacin tashi, amma a 2018 ƙwararrun kamfanin F-Secure na Finlan suka nuna ana iya kauce wa wannan kariya. Shi kuwa tsarin Tails, wanda ke aiki daga kile USB kuma 'yan jarida da yawa ke amfani da shi, yana goge ƙwaƙwalwar ne yayin kashewa, kuma da an zare kilen sai ya kashe na'urar da gaggawa.

Sai dai a Bengou haɗarin da ya fi kusa ba na mai sanyaya RAM ba ne. Wannan aiki na buƙatar ƙwarewa da sauri, kuma zafin Afrilu a yankin Gaya na ƙara gaggauta dushewar bayanan. Matsalar ita ce na'urar da ba a kashe ba sam. Wanda ya rufe murfin kwamfutar hannu barci kawai ya sa ta: batir na ci gaba da ciyar da RAM, makulli na nan daram. Ko wutar NIGELEC ta ɗauke, kwamfutar hannu ba ta mutuwa. Haka kuma tun daga Windows 8, tsarin tashi da sauri yana kwafe wani sashe na ƙwaƙwalwa zuwa faifai lokacin kashewa, don haka faifan da ba a kulle ba yana riƙe da abin da aka zaci ya tafi.

Waya ma haka take. Wadda aka kunna ba a buɗe ta ko sau ɗaya ba ta fi wuyar fasawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa tun ƙarshen 2024 iPhone ke sake tashi da kanta idan ta yi kwana 3 a kulle.

Ta fuskar doka, Nijar ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, ƙarƙashin dokar 2017, wadda aka sabunta a Disamban 2022. Dokar ta ɗora alhakin tsare bayanai a kan duk wanda ya tattara su, babba ko ƙarami. Amma doka daga Yamai ba ta danna maɓalli a shagon ƙauye.

Abin yi ba ya cin ko dala: a kulle faifai da kalmar sirri, a cire tsarin tashi da sauri, a kashe na'ura ƙurmus kafin a hau hanya ko a bar ta wurin mai gyara. Idan ɓarawo ya sace kwamfutar da aka kashe kuma aka kulle, ƙarfe ya samu. Idan mai barci ya ɗauka, ya tafi da sirrin duk wanda ya taɓa aika kuɗi ta wannan shago.