Wai Boxer Ba Ya Faɗuwa a Gwaji, To Wa Ya Taɓa Kai Shi?



Yau zancen babur zan yi, kuma na san akwai waɗanda ba za su ji daɗinsa ba, cikinsu har da mutanen da muke cin tuwo kwano ɗaya a nan Sabo ta Ibadan. Su yi haƙuri, abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Makon jiya muna zaune a majalisa bayan la'asar sai gardama ta kaure a kan wane babur ya fi dacewa mutum ya saya wa yaro ya riƙa yin okada. Wannan ya ce TVS, wancan ya ce Haojue, wani dattijo kuma ya ce shi tun da aka daina yayin Suzuki mai hayaƙi bai ƙara ganin babur ba. Sai wani dillalin babura, abokina ne na shekara da shekaru, ya ɗaga murya ya ce a daina wahalar da kai, Bajaj Boxer ne uban tafiya, domin shi ya fi shekara goma yana sayar da shi, bai taɓa jin an ce Boxer ya faɗi gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara ba. Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa na ce masa, "Alhaji, tsakaninka da Allah, a cikin waɗanda ka sayar guda nawa ka san an tura su har gaban mai gwajin?" Ya yi dariya ya ce, "Kai Malam, ka cika neman magana." Har aka kira magariba bai ba ni lissafi ba.

To ni ba neman magana nake yi ba. Yaron da bai shiga ɗakin jarrabawa ba ai ba a cewa ya ci, ko da kuwa ya zo da takardar sakamako a hannu.

Kada a juya mini zance, ban ce Boxer ba babur ba ne. Kamfanin Bajaj na Indiya ya san ƙasar da yake kawo wa kaya. Injin ƙarami ne, wajen cc 100, ba a haɗa masa fetur da baƙin mai kamar na da, ba ya shan mai, kujerarsa doguwa, ga juriyar rami, kayan gyaransa kuma ko ina ka shiga Agodi Gate za ka samu. Shi ya sa ya ture su Jincheng da suka cika titi a farkon shekarun 2000. Duk wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki takardar da muka san yadda muke samunta a ce ita ce shaidar lafiyar babur.

Akwai ƙasar da wannan tambaya ta "wane samfuri ne ya fi cin gwaji" take da ma'ana, kuma ya kamata mu san yadda abin yake a can kafin mu ari maganarsu. A Ingila tun 1960 suke da gwajin da suke kira MOT. Duk babur ko motar da ta kai shekara uku sai an kai ta gareji mai izini kowace shekara, a duba ta da ido da hannu. Idan babur ne, za a gwada birkin gaba da na baya, a duba fitila da danja da sigina da oda, a jijjiga kan babur a ji ko boris ya ci, a duba shokozoba ko tana yoyo, a duba sarka, a kuma auna zanen taya, wanda ga babur mai sama da cc 50 bai halatta ya gaza milimita 1 ba. Sakamakon yana shiga kwamfutar gwamnati. A 2010 gidan BBC ya matsa wa hukumar har ta fito da alƙaluman motocin da suka fi faɗuwa, samfuri-samfuri, kuma daga baya aka buɗe wa kowa hanyar sa lambar abin hawa a intanet ya ga tarihin gwajinsa, shekarar da ya ci da shekarar da ya faɗi da dalilin faɗuwar. A irin wannan wuri in mutum ya ce samfuri kaza ya fi cin gwaji, akwai inda za a je a ƙaryata shi.

Amma ko a can ɗin, mai hankali ba ya haɗiye alƙaluman ba tauna. Babban babur na attajiri da ake fito da shi ranar Lahadi in rana ta fito, a goge a mayar gareji, dole ya fi cin gwaji a kan ƙaramin babur da yaro yake raba abinci da shi dare da rana cikin ruwa da sanyi. Alƙaluman suna ba da labarin mai babur ne kusan fiye da yadda suke ba da labarin kamfanin da ya ƙera shi. Ga kuma abin da nake so Alhaji dillali ya ji da kyau: gwajin nasu bai damu da ƙarfin inji ko kuloci ko giya ba. Wato duk abin da muke yabon Boxer a kansa, ba shi ake dubawa ba. Abin da ake dubawa shi ne ko babur zai tsaya in an taka birki, ko ana ganinsa da dare, ko tayarsa za ta riƙe ƙasa in an yi ruwa. Waɗannan kuwa ba Indiya ce take kula da su ba, mai babur ne.

Yanzu mu dawo gida, kuma bari in fara da kaina don kada a ce ina wa'azi a kan tudu.

A 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta hana okada gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, su Ikeja da Surulere da Apapa, daga 1 ga Yuni, ɗan ƙanena yana cikin waɗanda suka rasa babur. Ya zo Ibadan da 'yar jakarsa kawai. Na tattara abin da nake da shi na saya masa Boxer sabo fil, muka yi yarjejeniyar balas. Da za a yi takardu na ba wani ejan kuɗi, kamar yadda kowa yake yi, bayan kwana uku ya kawo mini komai a ambulan, har da takardar shaidar cewa babur lafiyarsa ƙalau. A lokacin sabo ne, ban damu ba. Shekara ta zagayo, na sake ba shi kuɗi, ya sake kawowa. Wata shekarar ma haka. A ranakun nan duka, yayin da ake buga hatimi cewa an duba babur, babur ɗin yana can tsakanin Ojoo da Iwo Road yana jigilar mutane. Na sani sarai, kuma na yi shiru, domin kai shi layi asarar balas ɗin wuni guda ce.

Da damina, wata ranar Talata, aka kira ni cewa yaron ya faɗi a gangaren Mokola. Ya ɗauko wata mata Bayarabiya mai sayar da kayan miya, ruwa ya ɗan sauka, motar gabansa ta tsaya, ya taka birki babur ya ƙi tsayawa. Shi ya kuje hannu da gwiwa, ita kuwa ƙafarta ta karye. Da muka kai babur wurin bakanike ya kwance tayar baya, sai ya kira ni ya ce, "Baba, zo ka gani." Birkishu ya cinye tas har ƙarfe yana gugar ƙarfe, an ɗaure notin birkin har ya ƙure, babu sauran inda za a ƙara. Kebur ɗin birkin gaba kuwa a sake yake, yaron da kansa ya sassauta shi, wai abokansa sun ce birkin gaba kayar da mutum yake yi. Alhali duk wanda ya san babur ya san yawancin ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake, domin in ka taka birki nauyi gaba yake komawa. Tayar baya ta suɗe sumul kamar tafin hannu. A aljihun yaron kuwa ga takardar lafiyar babur, saura wata bakwai ta ƙare.

Abin da na kashe a asibiti da abin da dattawanmu suka shiga tsakani aka ba iyalin matar ya isa sayen birkishu na duk 'yan tashar su na shekara guda. Kuma ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba. Mutanen da suka taru a wurin babu wanda ya ce babur wane ne ya yi haɗari. Cewa suka yi, "aboki ne." Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 mun san yadda ƙaramar magana tsakanin mutum biyu take zama wuta a kan dubban mutane. Duk yaron da ya fita da suɗaɗɗiyar taya, da sunanmu duka ya fita.

Ku tsaya a kowace tashar okada ta yaranmu ku ƙirga. Madubi an cire tun ranar farko, wai yana hana kutsawa tsakanin motoci. Wasu har lanƙwasa kan babur suke yi ya tsuke. Danja ta mutu tun bara. Sigina kuwa an mai da ita kayan ado. Amma oda, ita kam an sa ta tirela, in ya danna sai ka zabura. An ƙara shokozoba don a ɗora buhun gawayi uku ko fasinja uku, ba a tuna cewa birkin da aka yi don mutum biyu shi ne dai zai tsayar da wannan kaya ba. Irin wannan babur, ko wane kamfani ne ya ƙera shi, in da gaske za a gwada shi ba zai wuce ƙofa ba.

Wannan ya tuna mini Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗura ta fara tilasta sa hular kwano, wasu suka riƙa kifa ƙwarya da tukunyar roba a ka. Har kafofin labaran Turai suka ɗauka ana dariya. Takardar da muke saya ƙwaryar ce ta dawo, sai dai wannan a aljihu ake sa ta.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa. Za a ce talauci ne, kuma gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 yaron da yake okada sai ya fara cire kuɗin fetur, ya cire tikitin ƙungiya, ya cire na masu tsare hanya, ya cire balas, sannan ya ga abin da zai aika gida. A 2024 kuɗin sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. To amma wa yake karɓar balas ɗin? Mu ne. Da yawa daga baburan da ke tasoshin nan ba na yaran ba ne, na alhazai ne da malamai da dillalai, irinmu masu zama a majalisa. Mu ne muka ƙaƙaba wa yaro cewa duk gyara a wuyansa yake, sannan muke mamakin ya ƙi sayen taya. In ka ce masa ko ya kawo balas cif ko ka karɓe makulli, ka riga ka zaɓar masa tsakanin birki da abinci.

Za a kuma ce ai ko mun gyara ko ba mu gyara ba, ƙabilanci ne, sai sun kore mu. Ban musa akwai ƙiyayya ba, na fi shekara talatin a ƙasar nan, na ganta da idona. Amma an hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, an hana a Kano a Janairun 2013, can kuwa ba Yarabawa ne suka hana ba. Da Legas ta murƙushe babura sama da dubu biyu a Yunin 2022, hujjar da ta kafa haɗura ce da aikata laifi, kuma mutanen gari da yawa sun yi tafi. In wata rana aka tayar da irin wannan magana a jihar Oyo, da me shugabanninmu za su je gaban gwamna? Da ambulan ɗin ejan?

Ita ma Legas ɗin da bakinta ta sanar cewa daga Janairun 2022 ba za a ƙara ba mota takardar lafiya ba sai an kai ta an duba, wanda ke nuna kowa ya san yadda ake yi kafin nan. Laifin masu buga hatimi ba su ga abin hawa ba yana nan, ban wanke su ba. Sai dai ba su suka zo gidana suka karɓi kuɗi ba, ni na aika.

Bayan haɗarin na canza yarjejeniya da ɗan ƙanena. Taya da birkishu da kwan fitila a wuyana suke, daga balas ake cirewa, shi kuma baƙin mai da faci nasa ne. Duk ranar Juma'ar farko ta wata zai kai babur wurin bakanike da safe, a duba birki biyu, taya, fitila, danja, sarka da boris ɗin kai, aikin da bai kai rabin awa ba. Na mayar da madubi, ya cire, na sake mayarwa na ce ranar da na gan shi babu madubi ranar zan karɓi makulli. Har yau yana nan. Balas ɗina ya ragu, ban ɓoye ba.

Na kai wa shugaban tasharsu shawarar a yi haka ga kowa, a ɗauki bakanike ɗaya daga kuɗin tikiti, babur ɗin da bai wuce ba kada a ba shi layi. Ya ce shawara ce mai kyau, zai tuntuɓi masu babura. Wata uku ke nan ina jira. Alhaji dillali yana da babura takwas a wannan tashar, kuma na gaya masa ranar Juma'a mai zuwa ni zan biya bakanike, ya kawo su duka takwas a kwance tayar baya a gaban 'yan majalisa.